Zare: Ɗan siyasa kwana 180, talaka sai baba-ta-gani

1/ Jama'a, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya game da kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe. Ku biyo ni.

2/ Tun kafin zaɓe, Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara zai kafa kotunan nan. Shugaban kowacce alƙalin babbar kotu ne, ragowar kuma a kwaso su daga manyan kotuna, da ƙadi-ƙadi, da manyan majistare. Wato ba sabbin alƙalai ake ɗauka ba, na hannunmu ake ara.

3/ Sashe na 285 na tsarin mulki ya ce a shigar da ƙara cikin kwana 21, a yanke hukunci cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Madalla. To wa ya yanka wa shari'ar talaka wa'adi?

4/ A 2023 ɗan yayata yana tsare, neman beli muke. Muka je kotu aka ce mai shari'a ya tafi aikin zaɓe wata jiha. Wata da watanni muna jeka-ka-dawo. Wallahi uwarsa sai da ta rame kamar ita aka kulle.

5/ Kuma ko siyasar ma mun huta? Ku tuna Kano: kotun zaɓe ta tsige Abba a Satumban 2023, hukuncin ma ta Zoom aka karanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, Kotun Ƙoli ta mayar da shi a Janairun 2024.

6/ Wasu na cewa a kira alƙalan da suka yi ritaya. Ni fa ban gamsu ba. Alƙali mai ci yana tsoron hukumar NJC ta sa a kore shi. Wanda ya riga ya ajiye aiki, da me za ka tsorata shi?

7/ Mafita: kotun zaɓe ta dindindin, da alƙalanta na kanta, manya masu gogewa, a tallata gurbin kowa ya gani, a tantance su a bainar jama'a. Tun 2008 kwamitin Uwais ya ce a gama shari'ar zaɓe kafin rantsuwa. Har yau shiru.

8/ Gyaran tsarin mulki aikin majalisa ne. Ka tambayi ɗan majalisarku ina ya tsaya. Idan ya ce bai san zancen ba, ka riƙe masa ita zuwa ranar ƙuri'a.