Light Yagami, Cromwell da Makau: Jigon da Ake Yi wa Rigar Aro

Akwai wata jimla da ta zama rigar aro a takardun ɗaliban adabi. Duk labarin da aka ba su wanda sarki ko mai neman sarauta ya fito a cikinsa, sai su rubuta cewa jigonsa shi ne mulki yana lalata mutum. An sa wa Wazirin Magana Jari Ce wannan riga, an sa wa fadawan Shaihu Umar, yanzu kuma da fina-finan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, suka cika wayoyin samari, an fara sa wa taurarinsu. Ɗalibi zai ɗauko Death Note, ya ajiye shi kusa da wani ƙagaggen labarin tarihi, ya ce duka biyun gargaɗi ne a kan son mulki, ya rufe takarda yana ganin ya yi kwatance. Bai yi ba. Jimlar da ta shiga kowane labari ba tare da an rage mata tsawo ko faɗi ba, ba ta faɗi komai game da ko ɗaya daga cikinsu.

Malaman da ke cewa anime wasan yara ne, bai cancanci nazari ba, ba su da hujjar da za a daɗe a kanta. Tatsuniya ma da dare ake yi wa yara, ga shi ana rubuta kundin digiri a kanta. Laifin da ya fi wannan girma yana wajen masu son anime ɗin, waɗanda suka samu kayan aiki mai kyau suka yi masa riƙon sakainar kashi.

Abin takaicin shi ne Hausa ta riga ta ba ɗalibi ma'aunin da yake bukata. Harshen ya bambanta sarauta da mulki da iko. Sarauta rawani ce da gadon sarauta. Mulki shi ne tafiyar da jama'a yau da gobe. Iko kuwa shi ne mutum ya ce a yi, a yi. Haka ya bambanta buri da sha'awa da kwaɗayi da hassada. Wanda ya tattara waɗannan bakwai ya mai da su kalma biyu, ya zubar da abin da ya kamata ya auna labarin da shi.

A fara da Death Note, wanda Tsugumi Ohba ya rubuta, Takeshi Obata ya zana tsakanin 2003 da 2006, aka mai da shi fim mai kashi 37. Light Yagami ɗan sakandare ne mai hazaƙa, ɗan babban jami'in 'yan sanda. Ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki, muddin mai rubutun ya san fuskarsa, zai mutu. Light ba shi da sarauta, ba ya mulkin ko unguwa ɗaya, amma yana da iko tsantsa, irin wanda babu sarkin da ya taɓa samu a tarihi. A ina ne wannan iko ya lalata shi? Tun a kashi na farko ya bayyana cewa yana so ya zama abin bautar sabuwar duniya. A kashi na biyu ya kashe mutumin da ya fito a talabijin yana cewa shi ne jami'in bincike L, alhali a sanin Light mutumin ba mai laifi ba ne. Abin da ya yi kawai shi ne ya kira aikinsa mugunta. Babu wata doguwar gangara da yaron kirki ya bi har ya zama azzalumi. Girman kan yana nan tun kafin littafin ya faɗo.

Masu rigar aro suna da amsa ɗaya mai ƙarfi, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. A tsakiyar labarin Light ya saki littafin, ya manta duk abin da ya yi, sai ga shi ya koma saurayi mai gaskiya, yana taya L farautar mai kisan. Ke nan littafin ne mugun, ba yaron ba? Sai dai wa ya tsara mantuwar? Light ne da kansa. Ya san halinsa har ya amince cewa ko an shafe masa tunani, son ya fi kowa zai kai shi ga littafin, kuma haka aka yi. Mai gaskiyar nan da masu kallo suka tausaya wa, kayan aiki ne a hannun mai burin. Wannan ya fi gargaɗi a kan mulki ban tsoro, domin yana nuna cewa kirkin Light da zaluncinsa daga rijiya ɗaya ake ɗebo su.

Code Geass, wanda aka fara nunawa a 2006, ya bi irin wannan hanya. Lelouch, ɗan sarkin da aka yasar, ya samu idon da in ya haɗa shi da na mutum ya ba da umarni, babu musu. Dabarar labaran biyu guda ce: sun cire wahalar da ke tsakanin so da samu. Ba sai an lallashi kowa ba, ba sai an biya kowa ba. Shi ya sa mafi munin abin da ya faru a Code Geass ya zo ta hanyar suɓutar baki: Lelouch yana ba 'yar'uwarsa Euphemia misali cikin raha cewa da zai umarce ta ta kashe Japanawa da ta yi, idon ya kuɓuce masa, rahar ta zama umarni, aka yi kisan kiyashi. Inda babu kowa tsakanin harshen mai iko da takobi, babu mai cewa ranka ya daɗe, a dakata.

A ajiye wannan kusa da Wolf Hall na Hilary Mantel, wanda ya fito a 2009, da Bring Up the Bodies na 2012. Sarki Henry na Takwas na Ingila yana da sarauta cikakkiya, yana sha'awar Anne Boleyn, yana kuma son ɗa namiji da zai gaje shi. Ya fara neman rabuwa da matarsa Catherine a 1527; sai 1533 aka naɗa Anne sarauniya. Shekara shida sarki yana so bai samu ba. A cikinsu Kadinal Wolsey ya faɗi saboda ya kasa samo yardar Paparoma, aka yi ta kai dokoki majalisa, har Ingila ta yanke igiyarta da Roma, aka ayyana sarki shugaban cocin ƙasar a 1534. Wanda ya yi wannan aikin shi ne Thomas Cromwell, ɗan maƙeri daga Putney, wanda ba shi da jinin sarauta ko ɗigo. Aikinsa shi ne ya ɗauki sha'awar wani mutum ya juya ta ta zama doka, da rantsuwa, da takardar ƙwace dukiya. Littattafan Mantel cike suke da lissafi, da wasiƙu, da tambayar wa ake bi bashi. Wannan shi ne mulki, kuma shi ne ainihin abin da littafin Light da idon Lelouch suka share.

Da Henry ya gaji da Anne a 1536, sai aka bukaci mazan da za a ce ta yi lalata da su. A tsarin Mantel, Cromwell ya zaɓo mutanen da suka taɓa yin wasan izgili ga ubangidansa Wolsey bayan mutuwarsa. Sha'awar sarki ta buɗe ƙofa, ramuwar gayyar bara ta shige ta ciki. An fille kan maza biyar, sannan Anne a ranar 19 ga Mayu. Shekara huɗu bayan haka aka fille kan Cromwell. Ɗalibin da ya ce wannan da Death Note jigonsu ɗaya, sai ya nuna ina Wolsey yake a labarin Light, ina majalisa, ina shekaru shidan jira.

Kada kuma a fita daga wannan kuskure a faɗa wani, a ce anime shi ne mai sihiri, labarin tarihi shi ne mai gaskiya. Legend of the Galactic Heroes, wanda Yoshiki Tanaka ya rubuta daga 1982 aka kuma zana shi kashi 110, yaƙe-yaƙensa a sararin samaniya ake yi, amma ya fi kusa da Mantel fiye da Death Note. Burin Reinhard ya samo asali ne daga ranar da aka ɗauke yayarsa Annerose aka kai ta fada ta zama ƙwarƙwarar sarki. Don ya rushe wannan gida sai da ya tara dakaru, ya ciyar da su, ya saurari mashawarta. Ɗaya daga cikinsu, Oberstein, ya ba shi shawarar kada ya hana wani basarake abokin gaba ƙona mutanen Westerland, domin hoton ta'asar zai juya talakawa zuwa gare shi. Mutum miliyan biyu suka mutu. Amininsa Kircheis ya tuhume shi, shi kuma ya ji haushi ya janye masa alfarmar shiga gabansa da makami, kuma a zama na gaba Kircheis ya mutu yana kare shi da hannu. Kowane mataki a nan yana da farashi, kuma an nuna wanda ya biya. Berserk na Kentaro Miura ya kai lissafin ƙarshensa: Griffith yana son masarauta tasa ta kansa, da aka nemi ya biya da rayukan rundunar da ta bi shi shekaru, ya biya.

Abin da labarin tarihi yake da shi wanda babu mai ƙwace masa shi ne mai karatu ya san ƙarshe. Wanda ya buɗe Wolf Hall ya san gatari yana jiran Cromwell. Fim ɗin anime da ya fi gane wannan shi ne The Heike Story na Naoko Yamada, na 2021, wanda aka gina a kan tsohon labarin faɗuwar gidan Taira. Taira no Kiyomori ya aurar da 'yarsa ga sarki, ya ɗora jikansa Antoku a gadon sarauta yana ɗan ƙaramin yaro, ya mutu a 1181. A 1185, a yaƙin teku na Dan-no-ura, kakar yaron ta rungume shi ta faɗa ruwa. Ga sarauta ba iko, kishiyar Light sak. Yamada ta ƙara wata yarinya mai suna Biwa wadda ido ɗaya nata ke ganin abin da zai faru, amma ba ta iya kawar da komai. Idon Lelouch yana umarni. Na Biwa kallo kawai yake yi, kamar na mai karanta tarihi. Kwatance tsakanin waɗannan idanu biyu kaɗai ya isa takarda guda, kuma babu inda jimlar aro za ta shiga cikinta.

Ɗalibin Hausa yana da abin da zai kawo wa wannan muhawara daga cikin manhajarsa. Duk labaran da aka ambata, in aka cire na Biwa, daga saman doki suke kallon duniya. Mai buri shi ne tauraro, waɗanda aka taka kuwa adadi ne. Ko mutanen Westerland ba a san sunan kowa cikinsu ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, daga ƙasa yake kallo. Makau bai nemi sarauta ba. Hassadar fadawa ce ta ƙulla masa sharri a gaban sarki a kan bayin da aka kamo a hari, aka kore shi daga gari. Daga wannan ƙulli guda gida ya watse, aka sace yaro, ya bi ayari ya ƙetare hamada, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Babu wanda mulki ya lalata a idon mai karatu a nan. Sarkin da ya yanke hukuncin ya fita daga labarin da wuri, kwaɗayin 'yan kasuwar bayi ya karɓi aikin daga hannunsa, littafin kuma ya zauna tare da matar da ke tambayar labarin ɗanta daga gari zuwa gari.

Da za a rubuta Death Note daga wannan kusurwa, da Naomi Misora ce tauraruwa: tsohuwar jami'ar binciken da Light ya kashe wanda za ta aura, ta bi sawu har ta kusa gano gaskiya, sai ta haɗu da wani saurayi mai ladabi a hedikwatar 'yan sanda. Ya yi ta hira da ita har ta yarda da shi ta nuna masa sunanta na gaskiya, ya rubuta. Labarin ya ba ta kashi biyu ko uku, ya wuce, ba a ma ga gawarta ba. Ɓalewa kuwa ya bi mahaifiyar Umar har Tarabulus.