Faransanci ba ya sayen albasa a Tilen

Ranar da na sauka Dakar, bayan kwana huɗu cikin kar ta Wagadugu da Bamako, manyanmu ɗaliban Nijar, waɗanda muke ce ma ansiyan, su ne sunka tarbe ni a tasha. Sunka ɗaukar mini jaka, sunka ba ni katifa, sunka ciyar da ni sati guda ba su amshi ko dala ba. Na faɗi wannan tun farko don kada a ce mini butulu. Amma a daren nan, a bakin shayi, sunka ba ni shawara mafi muni da za a iya ba baƙo, kuma har yau ita ake ba kowane sabon zuwa: "Ƙane, kada ka wahalar da kanka da Wolof. Ba shi ka zo karanta ba. Faransanci ya ishe ka, kai dai riƙe ƴan ƙasarku."

Ya ishe ni a ina? A amfi, na yarda. A ofis wajen cika takardu, na yarda. To amfi awa nawa yake ci cikin yini? Sauran ranar duka tana cikin kar rapid, inda yaron mota ke rataye a ƙofar baya yana kiran sunayen unguwanni, tana wajen mai shago, tana gaban uwar gidan da kake haya, tana kasuwa.

Sati na biyu na tafi kasuwar Tilen, cikin unguwar Medina, sayen albasa. (Ɗan Nijar yana sayen albasa da kilo, alhali irin Galmi ne ma manoman Senegal da yawa ke shukawa. Allah mai iko.) Na tambayi kuɗi da Faransancina na mai bak, matar ta dube ni ta ce "téeméer". Wani ya taɓa gaya mini kalmar nan ɗari take nufi, sai na miƙa mata tamma ɗari. Ta yi dariya har ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga ikon Allah. Ina tsaye ina zufa sai abin ya faɗo mini: ɗari fa ta ce, dala ɗari, wato 500. Wolof da dërëm yake ƙirga kuɗi, tamma biyar-biyar, daidai da dalarmu. Fukk, goma, shi ne 50. Ñaar fukk, ashirin, shi ne 100, yadda kowace mai ƙosai a Maraɗi za ta gaya maka. Inda za ka yi hattara shi ne junni, dubu, don dala dubu ce, jika biyar ke nan ba jika guda ba. Ranar nan Hausata ce ta fisshe ni. Faransancin da anka ce ya ishe ni, shi ne ya sa na zama abin dariya.

Tun daga nan na fara tuhumar shawarar. Ku dubi ƴan uwanmu masu nama. A Dakar gashin nama irin namu har suna gare shi, dibi Hausa, kuma da yawan masu yinsa ƴan Nijar ne. Akwai wani dattijo Ba'adare da nake zuwa wurinsa in kewar gida ta taso mini. Bai taɓa zama bencin lakwal ba, amma yana ciniki da Wolof, yana barkwanci da shi, yana raba faɗa da shi. Na tambaye shi: "Baba, wa ya koya muku?" Ya ce: "Ɗana, yunwa." Mu kuwa masu bak da lisans, wani shekararsa uku nan, in an ce mishi "na nga def" sai ya yi murmushi kamar kurma. Wa ya fi wani ilimi a nan?

Kuma kada a ɗauka maganar albasa ce kawai. Tare munka zo da wani yaro ɗan Tasawa, mai kai ƙwarai, ya fi ni nesa ba kusa ba. Ya bi shawarar sau da ƙafa. Daga amfi sai ɗaki, daga ɗaki sai fadarmu ta daren Asabar, sauran lokaci yana kan WhatsApp da gida. Gidan da yake haya, in azahar ta wuce ana aje babban kwanon shinkafa da kifi, a kira duk wanda ke kusa: "kaay lekk", zo ka ci. Shi bai san kiransa ake ba, su kuma sunka ɗauka girman kai ne, sunka bari. Da sanyin Janairu ya shigo, wanga sanyi na teku mai laima da ba irin hunturunmu ba, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ƙofa rufe, bango guda tsakaninsa da mutane, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ga burs ta makara. Shekara ba ta ƙare ba ya koma gida, kuma a fada anka ce "bai da juriya". Ban ce rashin Wolof kaɗai ya kore shi ba. Amma mu munka gina mishi kurkukun, munka ce mishi zumunci ne.

Na san abin da za ku ce, don kun sha gaya mini. Za ku ce ko ka iya harshensu ñak kake, sunan da wasu ke kiran baƙi ƴan Afirka da shi. Gaskiya ne, an kira ni da shi cikin mota, kuma ya yi mini zafi. Sai dai wanda ya ji zagin yana iya ramawa, ko ya maida shi wasa, wanda bai ji ba kuwa dariya yake taya su. Kuma mu yi ma kanmu adalci: Bayarabe ko ɗan Togo da ya shekara goma a Damagaram bai iya "ina kwana" ba, me muke cewa a kansa?

Za ku ce babu lokaci, karatu ya yi yawa. Wanda ke faɗin haka shi ne ke biyan kuɗi yana koyon Ingilishi da yamma. Madalla, ya koya. Amma Wolof kyauta ne, malamansa sun cika titi, kuma ba shi da karin sauti irin na Hausa da ke karya baƙi, ba ruwansa da bambanta namiji da mace a nahawu. Abin da ya ba ni wuya shi ne ƴan kalmomin nan da ke bin suna, bi, gi, ji, mi da sauransu, har yanzu ina cakuɗa su, yara na gyara mini.

Gaskiyar da ba mu son faɗi ita ce raini. A lakwal anka dasa muna shi. Iyayenmu sun ba mu labarin sambol, abin da ake rataya ma yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa ko Zabarmanci a aji. An cire shi daga wuya, ya koma cikin kai. Mun taso da cewa abin da ake rubutawa a allo shi ne harshe, sauran duka yare ne. Wanda ya raina na uwarsa, yaya za ya girmama na uwar wani? Abin kunyar ma, muna shiga kullum jami'ar da tun 1987 ke ɗauke da sunan Cheikh Anta Diop, mutumin da a littafinsa na 1954 ya juya bayanin ka'idar Einstein zuwa Wolof don ya nuna harshen Afirka na iya ɗaukar kimiyya. Muna wucewa ƙarƙashin sunansa muna ce ma ƙannenmu kada su ɓata lokaci.

Bana ni ma na zama ansiyan. Ƙanne biyu na tafe, ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Birnin Ƙonni. Zan tarbe su, zan ba su katifa kamar yadda anka ba ni. Washegari da safe zan kai su wajen mai kafe Tuba na bakin layinmu, wanga kofi mai kimba, in koya musu "ñaata la", nawa ne, in ba kowane tamma ɗari, in koma gefe in tsaya.