Girke-girkenmu: Alalar Ƙwai da Dankali

Kullum shayi da burodi har yara sun fara ture kofi? To ga canji, musamman in kina da tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali.

Kayan haɗi: ƙwai 8, dankalin turawa 4, albasa 1, attaruhu 2, tattasai 1, kifin gwangwani 1, madara rabin kofi, gishiri, dunƙule da man gyaɗa. In kin leƙa kasuwar Kawo ranar Talata, duk za ki samu.

Ki fere dankalin, ki yanka ƙanana, ki tafasa minti 5, ki tsane. Ki shafe cikin tukunyar da mai, ki shimfiɗa dankalin, ki bi da kifi da jajjage. Ki kaɗa ƙwai da madara da gishiri da dunƙule, ki juye a kai, ki rufe. Ki sa ta a babbar wuta awa 2. In kin soka wuƙa ta fito fes, ta nuna.

Sai dai a kula, kada ki ɗora da dare ki kwanta. Kin san halin wutar garin nan. In aka ɗauke, ƙwan ya kwana cikin ɗumi bai nuna ba, gudawa za ki jawo wa iyalinki. Ki ɗora bayan sallar asuba, idonki biyu. In babu wuta, ki zuba a gwangwanaye ki turara kamar alala, minti 30.

A ci daɗi lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.