Kada Tsohuwar Fijo Ta Ƙare a Hannun 'Yan Gwangwan

A shekarar 1968 aka kammala ginin madatsar ruwa ta Kainji, ruwa ya malale tsibirai da gonaki, aka tayar da dubban jama'a zuwa sababbin matsugunai. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da motar nan 504. Bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa motoci ta Kaduna a 1975, Fijo ta zama dokin ƙasar Yauri. Ita da yayarta 404, musamman a-kori-kura, su suka yi shekaru suna jigilar busasshen kifi da albasa da shinkafa daga Wara da ƙauyukan Shanga zuwa kasuwar Yelwa.

Yau ragowarsu na yashe a bayan gareji, kaji na ƙwai a kujerunsu, 'yan gwangwan kuma na zagayawa da sikeli. A Turai masu hali ke sayen irin waɗannan motoci, su kashe musu dukiya don sha'awa kawai. Ƙasar Yauri tana da hujjar da ta fi sha'awa ƙarfi, domin tsohuwar Fijo aji ce ta koyar da kimiyya.

Duk wanda ya ɗaga murfin injin 504 zai ga kowane aiki a fili. Ga kafireto nan: iska na kutsawa ta wani ƙuntataccen maƙogwaro, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo fetur da kanta. Wannan ita ce ƙa'idar da Daniel Bernoulli ya bayyana tun 1738, wadda ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun taɓa ganin ta tana aiki ba. Injin yana bukatar kusan awo 15 na iska ga kowane awo guda na fetur. In fetur ya yi yawa, hayaƙi ya yi baƙi, fulogi ya yi kunkunniya. Tsohon bakanike kan gane haka da kunne tun kafin ya taɓa sufana. Motar zamani kuwa ta ɓoye duk wannan cikin kwamfuta, sai dai a sauya abin da ya lalace.

Babbar abokiyar gabar mai gyara a bakin tafki ita ce tsatsa. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, kuma damshin bakin ruwa yana samar da duka biyun. Ita tsatsa ɓurɓushi ce mai riƙe laima, saboda haka shafa fenti a kanta, kamar yadda wasu masu gaggawa ke yi, rufe tukunya ne da ɓarna a ciki. Dole a kankare har farin ƙarfe ya bayyana, a yi walda inda ya huje, sannan a shafa fentin fari mai hana tsatsa.

Gaskiya ne tsohuwar mota tana shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ba kowa ke iya hawanta kullum ba. Amma motar koyarwa ba Sakkwato za ta je ba. Tayar da injinta na rabin sa'a ya wadatar da darasi. Abin da ya kamata shi ne makarantun fasaha da na kimiyya a Yauri da Ngaski da Shanga kowace ta sayi guda a farashin da 'yan gwangwan ke biya, ta gayyaci tsofaffin kanikawan Yelwa su jagoranci ɗalibai wajen farfaɗo da ita, tun waɗanda suka san sirrin kafireto suna da ƙarfin riƙe sufana.