Ba yawan kubit ne labarin ba

Jama'a, duk bayan 'yan watanni sai wani kamfani ya yi shelar cewa kwamfutarsa ta kwantum ta kai kubit kaza. A Disambar 2024 Google ya fitar da Willow mai kubit 105, aka yi ta yaɗawa kamar an gama komai. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba.

Kubit shi ne ƙwayar da injin ke lissafi da ita. In an yi shi da ƙwayar zarra ko 'yar da'irar lantarki, yana riƙe bayani, amma ba ya zuwa ko'ina. Ƙwayar haske kuwa tana bin wayar fiba ta yi kilomitoci, sai dai ba ta zama wuri ɗaya. Ɗaya ma'aji, ɗaya ɗan aike. Wahalar ita ce ma'aji ya miƙa wa ɗan aike saƙo bai lalace ba, domin bayanin kwantum ba ya kwafuwa. In ya ɓace a hanya, shi ke nan.

Ku duba yadda abin ke tafiyar hawainiya. A 2012 Serge Haroche da David Wineland suka samu kyautar Nobel kan sarrafa ƙwayoyin haske da na zarra ɗai-ɗai. A 2015 masana a Delft ta Holan suka ƙulla kubit biyu cikin lu'ulu'u da haske, tazarar kilomita 1.3. Sai a 2025 aka ji Jami'ar Oxford ta haɗa ƙananan injuna biyu da fiba sun yi lissafi tare, tsakaninsu mita 2 kacal.

Irin na Google ma ya fi wuya. Kubit ɗinsa na zaune cikin sanyin kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, kuma da zangon maikurowef yake magana, wanda fiba ba ta ɗauka. Sai an nemo tafinta.

Me ya shafe mu? Injin da zai fasa makullin sirrin bankuna da wayoyinmu na buƙatar kubit dubban ɗaruruwa, kuma da wuya firji ɗaya ya ɗauke su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dole a haɗa injuna da yawa. Ranar da mahaɗar nan ta nuna, lissafi ya canza.

Tun Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin tsarin makulli masu jure wannan barazana. Bankunanmu su fara sauyawa tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

In kun sake ganin shelar yawan kubit, ku tambaya: injin nawa suka iya haɗawa?