Geek: Daga Mai Cizon Kan Kaza Zuwa Mayen Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya ɗauki kwas ɗin fassara ya san akwai kalmomin da ƙamus ba ya raba gardama a kansu. Ɗaya daga cikinsu ita ce kalmar Turancin nan, geek. A yau matashi zai bugi ƙirji ya ce shi geek ne, alhali a Amurka ta shekaru ɗari da suka wuce ba a kiran mutumin kirki da wannan suna.

Asalinta daga geck ne, wato wawa ko wanda ake yi wa dariya, kuma har Shakespeare ya yi amfani da ita a wasansa na Twelfth Night. Har gobe a harshen mutanen Holan gek na nufin mahaukaci. A farkon ƙarni na 20 kalmar ta shiga dandalin masu wasannin yawo gari-gari na Amurka. A can, geek shi ne wanda ake sakawa cikin rami ko keji yana cizge kan kaza mai rai, jama'a na biyan kuɗi suna kallo. Galibi mashayi ne da duniya ta juya wa baya, ladansa kwalbar giya da wurin kwana. Littafin Nightmare Alley na William Lindsay Gresham, wanda ya fito a 1946, a kan irin wannan rayuwa aka gina shi.

Daga baya 'yan makaranta suka ari kalmar suna tsokanar yaron da ba shi da aboki sai littafi, kamar dai yadda ake cewa efiko a jami'o'inmu na nan. Sannan kwamfuta ta zo. Bill Gates da Paul Allen suka kafa Microsoft a 1975, kuma zuwa 1995 mujallar Forbes ta sa Gates a kan gaba cikin attajiran duniya. A 1994 aka buɗe kamfanin gyaran kwamfuta mai suna Geek Squad a birnin Minneapolis, wato zagin ya zama tambarin kasuwanci. A 2013 ƙamus na Collins ya sauya ma'anar kalmar zuwa mutum mai zurfin sani da ƙaunar wani fanni, ya kuma zaɓe ta kalmar shekara.

Wasu na cewa wannan alama ce ta duniya ta fara girmama masu ilimi. Ni ban yarda ba. A ganina kuɗi ne suka wanke kalmar. Yaron da ke kwana kan lissafin kwamfuta an daina yi masa dariya tun da aka ga inda aikinsa ke kaiwa, amma wanda ke kwana kan Ƙamus na Bargery yana bin diddigin karin sauti fa? Mu 'yan sashen harsuna mun san irin kallon da ake yi mana idan muka faɗi abin da muke karantawa.

To, yaya za mu fassara ta? Na ji masu cewa gwani ko masani. Duka biyun yabo ne zalla, sun share tarihin kalmar da ɗan ƙaiƙayin da har yanzu ke jikinta. Ni na fi son maye. Maye abin tsoro ne a al'adar Bahaushe, ana ɓoye yara idan ya gifta, amma Bahaushen nan shi ke cewa wane mayen ƙwallo ne, wance mayyar karatu ce, yana murmushi. Akwai yabo a ciki, akwai kuma shaguɓen cewa abin ya yi yawa. Wanda aka kira mayen kwamfuta zai ji daɗi, amma zai ɗan dubi fuskar mai maganar tukuna, kuma haka Bature ke yi idan baƙo ya kira shi geek.