Raddi Ga Masu Cewa Matuƙan Tuskegee Farfaganda Ce Kawai

Tun da masana tarihin sojan saman Amurka suka tono tsofaffin rahotannin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu marubuta suka samu abin da suke nema. Cewa suke yi runduna ta 99, ta matuƙan jirgin yaƙi baƙar fata da aka horar a Tuskegee ta jihar Alabama, ba ta tsinana abin a zo a gani ba, jaridu da siyasa ne suka hura ta. Hujjojinsu huɗu ne, kuma ba duka ke da nauyi ɗaya ba.

Da fari sun ce maganar nan da aka daɗe ana yayatawa, wai ba a taɓa harbo jirgin bama-bamai ko ɗaya da suke yi wa rakiya ba, ƙarya ce. Gaskiyarsu. Jaridar Chicago Defender ce ta buga ta a Maris 1945, aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Masanin tarihi Daniel Haulman ya bi rahotannin ɗaya bayan ɗaya, ya samu jirage 27 da jiragen Jamus suka kakkaɓo a ƙarƙashin rakiyar rukuni na 332, wanda runduna ta 99 ta shiga a 1944. To amma me ya sa suke tsayawa a nan? Binciken da suka kafa hujja da shi, shi ne ya nuna sauran rukunonin rakiya na fagen da suka yi yaƙi sun yi asarar kimanin 46 kowannensu. Wanda ya karanto 27 ya haɗiye 46 bai yi wa mai karatu adalci ba.

Sai rahoton Kanar William Momyer na 1943, wanda ya ce matuƙan rundunar ba su da zafin kai hari, a mayar da su sintirin gaɓar teku. A nan ne masu wannan ra'ayi suka fi jin ƙarfi, don kuwa jirgi ɗaya tak rundunar ta harbo a wannan shekarar, wanda Charles Hall ya kakkaɓo ranar 2 ga Yuli. Sai dai a duba aikin da aka ba su. Jirgin P-40 suke tuƙawa, yawancin fitarsu kuma ruwan wuta ne a kan sansanonin ƙasa, irin na tsibirin Pantelleria da Sisili, inda ba kasafai ake gamuwa da jirgin abokan gaba ba. Ba a harbin abin da ba a gani ba. Kwamandansu Benjamin Davis ya je Washington ya kare su gaban wani kwamiti, sannan a Anzio, ranakun 27 da 28 ga Janairu 1944, Jamusawa suka fito, rundunar ta kakkaɓo jirage sama da 10 cikin kwana biyu. Da ma'aikatar yaƙi ta kwatanta ta da sauran rundunonin P-40 na yankin, ba ta ga wani bambancin kirki ba. Wannan binciken kuwa ba 'yan jarida suka yi shi ba, sojojin da ke shakkar su ne.

Na uku, wai babu ko mutum ɗaya cikinsu da ya harbo jirage biyar, adadin da ake ba matuƙi kambin gwani da shi. Haka ne, Lee Archer da wasu biyu sun tsaya a huɗu. Amma Davis ya kafa musu doka mai tsanani: kada wanda ya bar jiragen da yake rakiya ya bi abokin gaba don neman suna. Matuƙan jiragen bama-bamai, waɗanda rayukansu ke hannun masu rakiyar nan, ba su ga aibin wannan doka ba. Duk da haka, ranar 24 ga Maris 1945, a farmakin Berlin, rukunin ya harbo jiragen Me 262 guda uku, masu injin jet da suka fi jirgin P-51 da rukunin ke tuƙawa a lokacin gudu nesa ba kusa ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce siyasa ce ta haifi rundunar a 1941. Ƙwarai kuwa: ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP da jaridunsu sun matsa, matar shugaba Roosevelt ma ta je Tuskegee ta shiga jirgin da wani matuƙi baƙar fata, Charles Anderson, ya tuƙa. Amma kafin nan me ya hana baƙar fata tuƙi? Rahoton kwalejin yaƙi ta sojan ƙasa na 1925 ne da ire-irensa, da suka yanke cewa baƙin mutum ba shi da kai ko zuciyar yaƙi. Masu sukan ba su taɓa kiran wannan rahoto siyasa ba.